Ƙofar Baƙar Motar da Yaya Ya Ƙona

Ke, albishirinki! Yayana ya samu aiki! Yau da safe ya sake riƙe injin goge mota, bayan duk zaman gidan nan da ya sha. Kuma a ƙarshe ya gaya mini abin da ya raba shi da tsohon garejinsu. Matso ki ji.

Kin san aikinsa. In an fesa wa mota fenti ya bushe, sai a bi ta da sanfefa da ruwa har ta dushe kamar allon ajinmu. Sannan a shafa mai, a bi da inji mai soso, ƙyalli ya fito. Amma in injin ya daɗe a wuri guda, fenti ya ƙone. Yaya ya taɓa ƙona wata, Oga ya ja masa kunne.

Ranar da abin ya faru, gab da magariba, Oga ya nuna masa wata baƙar mota. Ƙofa ɗaya ta rage.

"Angon gobe, ƙarasa min wannan. Ka sake ƙona min fenti, ka wuce da kayanka. Sai ka biya sadaki da soso."

Aka yi dariya, kowa ya watse. Mai gadi ya ce, "Ɗana, bar ta sai da safe mana."

"Yanzu zan gama, Baba."

Ya durƙusa. Gareji shiru, sai famfo na ɗiga a bokiti. Warin fenti da jiƙaƙƙen siminti. Ya kunna inji, ya fara daga ƙasan ƙofar.

Ƙyalli ya fito. Ya duba ya ga ko ya yi kyau, sai ya ga ƙafafu a ciki. Dogaye, babu takalmi, a tsaye daidai inda gwiwoyinsa ya kamata su fito.

Ya waiwaya. Ba kowa, sai tsofaffin tayoyi.

Ƙafafunsa suka yi sanyi ƙalau. Ya ce a ransa gajiya ce, da ni ce kuwa, da tuni na kai gida! Amma in ya bar ƙofar haka me zai ce wa Oga? Ya ƙara mai, ya hau sama.

Gefen farar riga ya fito. Cinyoyinsa suka mutu.

Ya danna makunni don ya kashe injin. Bai mutu ba. Ya so ya saki, yatsunsa sun ƙi buɗuwa. Injin ne yanzu ke jan hannunsa, a hankali, layi bayan layi, aiki mai kyau irin wanda bai taɓa yi ba.

Ciki ya fito. Ƙirji ya fito. Duk inda ya fito a ƙofar, sai wurin ya daskare a jikin Yaya.

"Baba mai gadi," ya ce. Muryar ko shi da ƙyar ya ji ta.

Saura wuri ɗaya a dushe, kamar faɗin faranti. Wurin fuska.

Sai ya ji numfashi daga cikin ƙarfen.

"Ƙarasa," aka ce. "Kai dai ƙarasa."

Hannun hagu kawai ke motsi. Ya lalubo bokiti ya watsa ruwan, wai ko injin zai mutu. Tsoro ya mantar da shi abin da kowane mai goge mota ya sani: dusasshen fenti in ya jiƙe, ƙyalli yake kamar an goge.

Ruwan ya sauka a wurin.

Haɓa. Baki a buɗe, yana murmushi.

Harshen Yaya ya yi nauyi.

Ruwa na gangarowa, hanci na fitowa.

Abu ɗaya ya rage masa, abin da Oga ya hana. Ya yi bismilla a zuci, ya faɗa kan injin da duk nauyinsa, ya kafe shi wuri guda.

Zafi. Hayaƙi. Ƙaurin fenti.

Wani abu ya yi ƙara, siririya, har haƙoransa suka amsa.

Baƙin fentin ya yage, na ƙarƙashinsa mai ruwan toka ya bayyana. Injin ya mutu da kansa.

Da rarrafe ya fito. Mai gadi ne ya goyo shi har bakin titi.

Washegari Oga ya kalli ƙofar, ya kalli Yaya.

"Barci ka yi a kai?"

Ko Yaya ya faɗa, wa zai yarda? Ya tattara kayansa. Aka ɗaga bikin aurensa, Umma ta yi ta kuka, shi kuwa ko cokali mai ƙyalli ba ya iya kallo.

Yanzu dai ya koma, a wani garejin. Amma ya ce har abada ba zai ƙara goge mota duka ba. Kowace mota sai ya bar mata ɗan wuri a dushe, kamar kan babban yatsa, can ƙasan ƙofa inda ido ba ya kaiwa.

Sabon ogansa bai sani ba. In ya ji, shi ke nan, an sake korarsa. Don girman Allah, ƙawata, kar ki gaya wa kowa tukuna. Ko Mamanku. Rantse!