Sunan Da Kotu Ta Rubuta

Tun da mijina Bulus ya rasu nake zarya a kotu, ina neman takardar shari'ar gonarmu ta Bomo kafin ƙannensa su sayar. Kullum sai akawu ya ce, "Mama, babu wannan sunan."

Rannan dare ya yi mini a Samaru, na kama hanya da ƙafa ina zage-zage. Wani mutum ya jero da ni, ba na jin takunsa.

Ya ce, "Ki ce su duba Paul. Sunan Turanci suka rubuta."

"Kai kuma wa ya sa da kai? Dukanku munafukai!"

Na haske shi da tocila. Da jan zare aka ɗinke maɓallin rigarsa. Ni na ɗinke shi, ranar da muka sa Bulus a akwatin gawa.