Lambar Iri ta Goma Sha Bakwai

Da safiyar Litinin Malama ta buɗe fayil ɗin ɗalibarta Auta, ta tarar an yi aika-aika. Awon fukafukan sauro ɗari uku da yarinyar ta yi wata huɗu tana tarawa ya ɓace, an zuba alƙaluman ƙarya a gurbinsa, sumul kamar an bi su da dutsen guga. Kwamitin ladabtarwa ya riga ya gani, kuma ƙarfe biyu zai zauna ya kori Auta bisa zargin ita ta ƙirƙiro su.

Ran Malama ya ɓaci ƙwarai. Shekara tara tana koyar da masu nazarin halittu rubuta wa kwamfuta umarni da ƙididdiga, ba za a yi mata wannan a aji ba. Ranar Juma'a aka canza fayil ɗin, kuma ban da ita, mutum uku ke da kalmar sirrinsa.

"Ina kike ran Juma'a?" ta tambayi Auta.

"Asibiti, Malama, wurin Inna. Sai jiya aka sallame mu." Ta miƙa takardar sallamar.

Mai kula da ɗakin kwamfuta kuwa dariya ya yi. "Ranki ya daɗe, ni kunnawa da kashewa kawai na iya." Ta sa shi ya buga layi ɗaya, ya yi minti biyar yana farautar maɓallin alamar baka-biyu da yatsa guda.

Saura Gwani, zakaran ajin, abokin aikin Auta.

"Ko buɗe shi ban yi ba, Malama."

Ba ta yi musu ba. Ta san kwamfuta aka sa ta ƙirƙiro alƙaluman nan kara-zube. Ita kuwa ta koya musu cewa kafin a yi haka sai an ba kwamfuta lambar iri, don iri ɗaya kullum sakamako ɗaya yake fitarwa, kuma kowane ɗalibi da tasa. Ta ɗauko matsakaicin awo da tazararsa daga rahoton Auta na farko, ta bi lambobin ajin ɗaya bayan ɗaya. A ta goma sha bakwai alƙaluman ƙaryar suka fito cif, duk ɗari ukun.

Ta juya wa Gwani allon kwamfutar. "Lambar wa ce wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Gwaji nake yi, na goge nata bisa kuskure. Tsoro ne ya sa na cike gurbin."

"Gogewa kowa na yi. Amma kana ji za a kore ta, ka ja bakinka ka yi shiru. Ajin nan kaf, kai kaɗai ne ba ka taɓa manta lambar iri ba. Tashi, da bakinka za ka faɗa wa kwamiti."

Bayan an wanke Auta, yarinyar ta zo ta tsaya a ƙofar ofishin Malama.

"To Malama, aikina na wata huɗu fa?"

"Sauron suna nan cikin kwalabensu?"

"Suna nan."

"Gobe ƙarfe bakwai ki zo da madubin awo biyu. Ke ki fara daga na ɗaya, ni daga na ƙarshe."