Kwalbar da Aka Tsinta a Motar Abdulfatah

"In ba asiri ba ne, ɗauki ki sha."

Ummusalma ta dubi kwalbar da Hajiya Kubra ta dire a gabanta, naɗe cikin baƙar leda.

Hajiya ita ce mahaifiyar Abdulfatah, wanda ake shirin sa musu rana da Ummusalma. Amatullahi kuwa, 'yar ƙanwar Hajiya da ta daɗe da kafa masa ido, ita ta zaro kwalbar daga motarsa ta kawo har falo. Sai wani sunkuyar da kai take yi, kai ka ce ba ita ta kunna wutar ba.

"Mama, ba na sha ba ne..." in ji Ummusalma.

Ai kuwa ta ƙara ɓata lamarin. Ta yi bayanin cewa aikin karatunta ne a jami'a. Ganyen dogonyaro take dafawa ta haɗa da ruwan azurfa, sai a samu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, tana gwada su a kan ciwon da ke ƙona ganyen shuka. Ledar don haske ne, yana lalata haɗin. Mantuwa ta yi da ita ran da ya sauke ta a Tina Junction.

Ganye, dahuwa, baƙar leda, a motar ɗanta. Hajiya ta ce babu abin da ya rage sai sunan bokan.

Hawaye ya kawo wa Ummusalma. Ta taga ta hango tumatirin da Hajiya ke lallaɓawa cikin buhuna a bayan gida, ganyen duk ya yi ɗigo-ɗigon baƙi.

"Ki bari in fesa wa rabi, Mama. Ban yi alkawarin zai yi ba, gwaji ne. In bai yi ba, na haƙura da Abdulfatah."

Hajiya ta yarda, da sharaɗin ko waya kada su yi.

Abdulfatah bai iya cika sharaɗin ba. Saƙo ɗaya ya turo: "Salmata, kullum da safe ni nake ba su ruwa, har addu'a nake tofa musu."

Ta yi dariya, ta yi kuka. Tsoro take ji sosai, don a makaranta ma haɗin ya sha ba ta kunya.

Sai ga kira wata ranar Juma'a, lambar Hajiya. Da ƙyar ta ɗauka.

Hajiya ta ce na ɓangaren rijiya da ba a fesa ba sun ƙarasa bushewa, waɗanda aka fesa kuwa sun fitar da sabon ganye. Irin na babba da ba ya son furta ban haƙuri, sai kawai ta ce:

"'Yata, ki gaya wa babanki kawunnan Abdulfatah na nan tafe gidanku Daɗin Kowa jibi."

Ummusalma ta zame ta zauna a ƙasan kicin, wayar manne a ƙirjinta, ta sauke ajiyar zuciya. Alhamdulillahi kawai take iya faɗa.