Saliha da Ɗan Gidan Mahauta

A ajin adabin Turanci na wata kwaleji a Azare Saliha ta fara ganin Uzairu. An ba su wani tsohon littafi su nazarta, labarin yaron da ya taso a garin da ake wulaƙanta mutum saboda launin fatarsa. Littattafan ba su isa ba, sai malami ya haɗa su biyu-biyu, aka haɗa Saliha da Uzairu.

Ta fi shi Turanci, shi kuma ya fi ta gardama.

"Wannan ai halin Turawa ne," in ji ta wata rana. "Mu nan babu irinsa."

Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya sa, Malama."

Kafin zangon ya ƙare, saƙonninsa sun sauya. "Malamata, babin nan ya gagare ni. Amma gaskiya muryarki nake son ji."

Ta mayar masa: "Sarkin gardama, karanta tukuna."

Da maganar aurensu ta isa gida, Bappa Abbas, wan mahaifinta da ya riƙe ta tun da ta zama marainiya, ya sa aka bincika. Ya kira ta ya ce, "Yaron ba shi da laifi. Amma gidansu mahauta ne, mu kuwa ba ma haɗa jini da su."

Uzairu ya ji, ya ɗauke ƙafa. Saliha ta zaci ya janye ne, ta kira shi ranta a ɓace.

"Gudu ka yi ke nan?"

"Ina nan, Malamata. Ba na so ki saɓa wa Bappa saboda ni."

Ranar ta durƙusa a gaban Bappa. "Bappa, in ka ga aibi a addininsa ko halinsa, ka faɗa mini, wallahi na haƙura. In babu, me zan ce masa?"

Bappa ya daɗe yana juya maganar, har wata Laraba ya shiga kasuwa da kansa, ya zauna a rumfar mahaifin Uzairu, suka wuni suna hira. Da ya dawo ya ce wa matarsa, "Gaya mata su turo."

An ɗaura auren bayan ƙaramar Sallah. Wasu dangi na Katagum sun ƙi zuwa, Bappa bai bi ta kansu ba. Ya riƙe hannun ango ya ce, "Ɗana, ga amana. Allah ya yi muku albarka."

Daga cikin ɗaki Saliha ta ji, ta ce amin tana share hawaye.