Gayyar da Babu Kunu

A shekarar da aka samu 'yancin kai, akwai wani yaro a makarantar elementare ta Kibiya. Yana da ƙwazo, wannan ba a musu. Amma yana son yabo kamar yadda akuya take son dusa.

Makarantar tana da gonar gyaɗa a bayan aji. Da gyaɗar nan za a yi shagalin ranar 'yanci. Sai damina ta yi ƙarfi, ciyawa ta taso ta rufe shukar.

Malam Ja'afaru ya kira yaron ya ce, "Daga yau kai ne sarkin noman makaranta. Ka tara 'yan ajinku ku nome gonar nan. In ciyawa ta cinye ta, ranar biki sai dai mu kalli juna."

Kan yaro ya kumbura. Ya bi 'yan aji yana cewa, "Gobe gayya! Kowa ya zo da fartanya!"

Ya sha ganin gayya a gonakin gari, maza sun jeru suna noma tare. Amma bai taɓa leƙa madafa ya ga abin da ake shiryawa ba.

Da safe yara suka taru. Sarkin noma ya yanko tsumagiya, ya hau kan shuri ya tsaya.

"Duk wanda ya yi wasa, zan kai shi wurin Malam!" in ji shi.

Hammadu daga ruga yake zuwa, can hanyar Tarai. Ya yi sammako, bai sa komai a bakinsa ba. Ya ɗan taɓa noma, sai ya zauna.

"Tashi, malalaci!"

"Ba lalaci ba ne," in ji Hammadu. "Jiri nake gani." Ya saɓa fartanyarsa ya tafi.

Shitu shi ne ƙarami a ajin. Idonsa yana kan tsumagiya. Garin saran ciyawa ya sare gyaɗa. Sarkin noma ya tsula masa ɗaya a ƙafa. Shitu ya fashe da kuka, ya ruga gida.

Dalhatu kuwa ƙato ne, ya iya noma kamar babba. Ya kai ƙarshen kunya, ya ɗago yana jiran a ce masa sannu. Sai ya ji yaron yana cewa, "Yau Malam zai san na iya aiki."

"Au, kai ka iya?" in ji Dalhatu. "To, ga gonar nan, sai ka yi."

Ya tafi, sauran suka bi shi.

Yaro ya sauko daga shuri, ya kama noma shi kaɗai. Kafin rana ta take, tafinsa ya yi bororo, ciyawa kuwa kamar ba a taɓa ta ba.

Malam Ja'afaru ya zo wucewa. Ya dubi gona, ya dubi yaro. "Sarkin noma, ina mutanenka?"

Yaro ya sunkuyar da kai.

A gida ya tarar da kakarsa Iya tana kaɗin auduga. Iya ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta dafa abincin gayya tun tana amarya.

"Maigidana," ta tsokane shi, "wa ya taɓa min kai?"

Ya kwashe labari ya gaya mata. "Duk malalata ne, Iya."

"Me suka sha kafin su fara?"

"Ba komai. Ai Malam zai yaba mana."

Iya ta ce, "Uhm." Ta ci gaba da kaɗinta.

Washegari yaro ya miƙa ƙoƙonsa a zuba masa koko. Iya ta miƙa masa tsintsiya.

"Share tsakar gida, ka cika randa. In ka gama zan bi unguwa ina cewa jikana jarumi ne."

Ya share rabi, cikinsa yana ƙugi. Ya je rijiya ya dawo.

"Iya, don Allah koko."

"Ba na ce zan yaba maka ba? Sha yabon mana."

"Iya, yabo ba ya shiga ciki!"

"Au, ashe ka sani," in ji Iya. Ta cika masa ƙoƙo. "Zauna ka ji. Mutum ba jaki ba ne da za ka kora da sanda. Mai yunwa cikinsa kawai yake ji. In ya ƙoshi, yana so hankalinsa ya kwanta, ba wanda zai doke shi. In ya samu wannan, yana so ya ji cikin 'yan'uwa yake. Sannan yana so a kira sunansa, a san da shi. Kai ka tsallake duka, ka hau shuri kana jiran a kira naka."

Yaro ya ce, "To, yanzu yaya zan yi?"

"Ka sake kiran gayya. Geron kunu ni zan bayar. Surfe da ɗiban ruwa naka ne. Ba da haƙuri ma naka ne, wannan ba mai yi maka."

Ya fara da gidan su Shitu. A gabansa ya karya tsumagiyar. Ya taka har ruga, ya ba Hammadu haƙuri. Dalhatu ne ya yi wuya.

"Ba zan zo ba," in ji shi.

"In ba kai, ba wanda zai ja gaba. Ni ban iya gyara kunya kamar kai ba. Ka koya min."

Dalhatu ya sosa ƙeya. "To, zan duba."

Ranar gayya ta biyu, tulun kunun tsamiya ya riga kowa zuwa gona. Hammadu ya zo da ƙwaryar nono, innarsa ta aiko. Kowa ya sha ya lashe baki.

Aka ba Shitu tsohuwar garwa, aka ce shi ne makaɗi. Sarkin noma bai hau shuri ba. Ya shiga layi da fartanyarsa, yana noma yana kirari:

"Dalhatu, ingarman Kibiya! Hammadu, bijimin Tarai! Shitu, ƙarami mai babbar ganga!"

Yara suka ɗauki ihu. Fartanyoyi suka riƙa sauka tare. Dalhatu yana gaba, ƙasa tana tashi. Wanda ya gama kunyarsa sai ya juyo ya tari na baya. Shitu ma ya ajiye garwa ya karɓi fartanya, bai sare gyaɗa ko ɗaya ba.

Kafin azahar gona ta fito fes, ganyen gyaɗa yana sheƙi.

Yaro ya tsaya yana kallo, gumi yana zuba. Wani daɗi ya kama shi wanda bai taɓa ji ba. Ya ma manta da zancen Malam.

Sai ga Malam Ja'afaru. "Kai! Wa ya yi wannan aiki?"

"Mu ne, Malam," in ji yaron. Ya kira sunan kowa, ɗaya bayan ɗaya.

Ranar 'yanci aka ɗaga sabuwar tuta, kore da fari. Gyaɗa ta yi albarka. Aka dafa, aka soya, har baƙin da suka zo daga Rano suka cika aljihu. Yaro ya ƙulle wa Iya tata a ganye, ya kai mata.

Ta ɓare ɗaya ta tauna. "Ba laifi, Maigida. Yau kam ka ci yabo, tunda kowa ya ƙoshi."

To, yara, ku riƙe wannan. In kana so mutum ya yi aiki da zuciya ɗaya, ka fara duba abin da yake buƙata. Ka ciyar da shi, ka cire masa tsoro, ka jawo shi jiki, ka girmama shi. Sauran shi zai yi da kansa.