Baƙar Ƙasar Bakin Rahad

"Kowa ya kwanta!"

Muryar Osama ce, shugaban 'yan fashin, bindiga a hannu. Harisu na zaune cikin boksi, motarsu a-kori-kura, inji na aiki, ƙafarsa a kan totur. Shi direba ne kawai. Haka suka faɗa masa a garinsu, Doka: tuƙi ne naka, babu jini. Shekara goma ya yi yana tuƙa tarakta a gonakin dawa kafin aiki ya tsaya, bai taɓa jin tsoro irin na yau ba.

Tun daga Gadarif suke bin motar mutanen nan. Alhaji Yunusu ne, tsohon mai sayar da zinare da yaƙi ya koro daga Hartum, ya ɗauko 'yarsa Hajar su ga tsohuwar hanyar da kakanninsu suka tako da ƙafa daga yamma zuwa Makka. Kowane gari sai sun tsaya kallo, kai ka ce ƙasar lafiya lau take. A Hawata suka sauka bakin kogin Rahad. Tsoho na nuna mashigin da ayarin ubansa ya haye, Hajar na ɗauka da waya. Nan aka rutsa da su, da rana tsaka.

Elnour, na ukunsu, ya fizge jaka. Osama kuwa wayar ya zuba wa ido.

"Wa kike nuna wa?"

"Yayana ne, a Bur Sudan," ta ce. "Kogi yake kallo."

Ga fuskar mutum a jikin wayar, baki buɗe. Ya ga komai. Osama ya take wayar da takalmi.

"Halas, shi ke nan, an gan mu. Tashi, ke ce garkuwarmu."

Tsoho ya rungume ƙafarsa. "Ɗana, ka dubi Allah. Ni ka ɗauka."

Gindin bindiga ya samu a goshi. Aka tura Hajar kujerar baya, Harisu ya ja mota.

"Ina za mu kai ta, ya zol?" Elnour ya tambayi Osama.

"In mun wuce garin Fau ba mu da buƙatarta."

Harisu ya san abin da maganar ke nufi. Ya ɗaga ido, suka haɗa ido da ita a madubi.

"Ɗan'uwa," ta ce a hankali, "yarana biyu."

Daga Bur Sudan kuwa, yayan nata ya riga ya buga waya Hawata. 'Yan sanda suka bar shayinsu a kan benci, suka faɗa mota. Ba a jima ba jiniya ta taso ta bayan kasuwa.

"Bolis!" Elnour ya ce. "Taka, Harisu, taka!"

Harisu ya dubi dama. Fili ne shimfiɗe har bakin kogi, baƙar ƙasa, samanta a bushe ta tsattsage. Shekaranjiya aka yi ruwa. Duk wanda ya yi noma a nan ya san ɓawon nan bai fi kaurin yatsa ba, ƙarƙashinsa laka ce mai haɗiye tarakta har gindi. Amma Osama ɗan Hartum ne, Elnour ɗan Madani. A kan kwalta suka girma, ƙasa duk ƙasa ce a wurinsu.

Tsoron bindigar da ke gefensa Harisu yake, tsoron Allah kuma ya fi.

"Akwai yanke ta filin nan," ya ce. "Ba za su iya bin mu ba."

"Yalla, shiga!"

Ya murza sitiyari. Mota ta yi gudu kaɗan — ta yi nishi — ta lume. Tayoyi na juyawa, laka na fallatsa.

"Baya! Yi baya!"

Harisu ya ƙara danna totur da gangan, har ta zauna daram a kan cikinta. Ya waiga wajen Hajar.

"Cire takalmi, bi kan ciyawa. Gudu!"

Hajar ta banka ƙofa ta fita. Sai a lokacin Osama ya gane.

"Kai ka sani."

"Na sani."

Ƙarar bindiga ta cika motar. Harisu ya ji kamar an soka masa ƙarfe mai zafi a haƙarƙari. Osama ya diro zai bi ta, ya yi taku uku da manyan takalmansa, laka ta kama shi har gwiwa. Ya yi harbi biyu yana tangaɗi, duka suka tafi iska. Elnour tuni ya ɗaga hannu sama yana kuka.

Harisu ya jingina kai da sitiyari. Yana ganinta tana ƙara nisa, mayafi a hannu, ƙafa ba takalmi, daga tushen ciyawa zuwa tushen ciyawa kamar yadda ya ce. Da ta kai wurin 'yan sanda ya lumshe ido.

Da igiya aka jawo Osama, bayan harsashinsa ya ƙare. Kafin a samo taraktar da za ta fito da boksin, Harisu ya cika.

Aka aika Doka. Mutanen Harisu suka ce ba su san ɗan fashi ba. A Hawata aka yi masa sutura bayan la'asar, mutum huɗu ne a sahu. Na huɗun tsoho ne mai ɗaure da goshi, wanda sai da ya matsa kusa da liman ya tambayi sunan mamacin.