Kwan da Ba Ya Mutuwa

Kwan lantarki na uku ke nan da ya mutu wa wata mai ɗinki a wata ɗaya, ga kayan makarantar yaran mutane za a karɓa da sassafe. Ta ja mayafi ta fita nema bayan isha'i.

Duk shaguna sun rufe, sai wani ɗan ƙarami a ƙarshen layi da ba ta taɓa lura da shi ba. Tun daga ƙofa warin mushe ya doke ta, ta toshe hanci. Wani tsoho na zaune cikin duhu, ƙudaje na bin sa a daren nan.

"Baba, kwan LED nake so, mai ƙarko. Na gaji da jabu."

"Wannan ba ya mutuwa, 'yata," ya ce, muryarsa kamar daga cikin rijiya.

"To, a gwada mini."

Bai nemi soket ba. Gindin kwan ya cusa a baki ya tsotsa, kwan ya kama tar. Cikin hasken ta ga tsutsotsi na motsi a ƙarƙashin fatar kumatunsa. Ya zaro shi yana zubar da yawu mai yauƙi, ya miƙo mata, kwan bai daina ci ba.